Tulu Huɗu a Ƙarƙashin Matakala

Ranar da na gaya wa Goggo a waya cewa na dafa giya, kuma ba zan taɓa ta ba sai ta shekara, shiru ta yi har na zaci layin ne ya yanke. Can sai ta ce, "Ɗana, ko dai sanyin ƙasar nan ya fara taɓa maka kai?"

Da gaskiyarta. Goggo yayar babana ce, ta fi shekara 40 tana dafa burkutu a ƙauyenmu da ke gangaren Filato kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. A wajenta giya abu ne mai rai, mai gajeren kwana. A jiƙa dawa, a shimfiɗa a rufe har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, a zuba mata ragowar ta baya don ta tashi. Ranar da ta nuna, ranar ake shan ta, tana kumfa tana motsi a cikin ƙwarya. In ta ƙara kwana biyu ta zama ruwan tsami, ko kyauta ba mai karɓa. Aikin kusan mako guda, a shanye a wuni ɗaya. To ga ɗan ƙaninta yana cewa zai ajiye tasa har Kirsimetin baɗi.

Na san yawancin masu karanta Hausa Musulmi ne, giya haram ce a wajensu. Ko a cocinmu na gida, in fasto ya ga wannan rubutu sai ya aika a kira mahaifiyata. Ba tallar sha nake yi ba. Labarin wani aikin hannu ne da ya ci mini shekara 3, ya kuma sa ni tsakanin tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba.

Tsoho na biyu maƙwabcina ne a nan Burton, garin da aikin jinya ya kawo ni a 2018. Garin ba shi da wani girma, yana bakin kogin Trent a tsakiyar Ingila, amma kana sauka daga jirgin ƙasa hancinka zai gaya maka sana'arsu tun kafin kowa ya buɗe baki. In iska ta juyo, ko dai ƙamshin dafaffen sha'ir ne, ko na Marmite, baƙin abin shafa wa burodin nan da ake yi a garin tun 1902 da ragowar yis ɗin masu giya. Ruwan rijiyoyinsu yana ratsa dutsen jifsom, irin wanda ake silin ɗin POP da shi a gida, shi ya sa giyarsu ke fita garau, ɗacinta ya tsaya tsaf. Kamfanin Bass a nan aka kafa shi a 1777, kuma jar alwatikar da ke jikin kwalbarsa ita ce tambarin kasuwanci na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, a 1876. A ƙarshen ƙarni na 19 masana'antun giya sun haura 30 a wannan ɗan gari.

Maƙwabcin nawa a ɗaya daga cikinsu ya yi aiki har ya yi ritaya, mahaifinsa kuma mai haɗa gangunan katako ne. Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba. Wani dare na hunturun 2020, bayan na taya shi ɗaga shingen bayan gida da iska ta kayar, ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar kwalba mai ƙura. Harvest Ale ce ta kamfanin J.W. Lees na wajen Manchester, ƙarfinta kashi 11.5 cikin 100, kuma shekararta 12 a kabad ɗinsa. Ya raba mana a ƙananan kofuna kamar mai raba magani. Na kurɓa. Ba abin da ya zo mini sai dabinon Agadas da aka daka da zuma, da ƙamshin sabuwar jakar fata, da wani ɗumi da ke sauka a ƙirji sannu a hankali. Turawa na ce wa irin wannan barley wine, wato ruwan inabin sha'ir, alhali ko ƙwayar inabi ɗaya babu a ciki. Baba ya ce shekara 12 ai yarinya ce. A 2006 an tono tsofaffin kwalabe a wani ɗakin ƙasa a nan Burton, cikinsu har da Ratcliff Ale da aka dafa a 1869, aka buɗe, kuma ta shawu.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, hatsi ne da ruwa da yis, daidai da na Goggo. Me ya sa tata ke mutuwa a kwana biyu, wannan kuma ta binne wanda ya dafa ta da jikokinsa?

Amsar ba ta da wuya da na bincika. Burkutu ba ta da ƙarfi sosai, a buɗe take, kuma ƙwayoyin da ke ba ta tsamin nan mai daɗi ba su san a tsaya ba, suna ta aiki har su wuce gona da iri. Wannan kuwa ƙarfinta kaɗai ya isa ya kashe yawancin ƙwayoyin da za su ɓata ta. Ga furen hof, wata ciyawa mai yaɗo da ake jefawa lokacin tafasa, wanda ke ba da ɗaci kuma yana hana ƙwayoyin tsami sakewa. Sannan a rufe take ruf, iska ba ta samun ta. Wannan ukun ne sirrin. Amma ni a lokacin ba su ne suka ɗauke mini hankali ba. Na riga na ƙudurta a raina cewa duk wannan daɗi daga katakon ganga yake fitowa, kuma a nan kuskurena ya faro.

Doka ba ta hana ba. Tun 1963, zamanin da Reginald Maudling ke ministan kuɗi, aka cire wajibcin lasisi ga mai dafa giya a gida, muddin ba sayarwa zai yi ba. Na yi shekara guda ina koyo da masu sauƙi, biyu na zubar a lambatu, sauran suka shawu. A wata Asabar ta Nuwamba 2021 na ce lokaci ya yi.

Tsiron sha'ir kilo 9.5 na saya, irin Maris Otter da aka fitar a Cambridge tun shekarun 1960, da rabin kilo na gasasshe mai ba da launin ja da ɗanɗanon alewa. Kilo 10 ke nan don lita 20 kacal, ninki biyu na abin da ake sa wa giya ta yau da kullum. Abin dariya, ina zaune a Burton amma sai da na zuba ƙaramin cokali na garin jifsom a ruwan, domin na famfo daban, na rijiyoyin masana'anta daban. Na jiƙa tsiron a cikin kula, irin ta abincin biki, a zafin digiri 66, na rufe da tsohon bargo har minti 90. A wannan zafin ne sitacin hatsin ke narkewa ya koma sukari. In ya yi ƙasa da haka giyar ta fito siririya, in ya haura ta fito da zaƙin da yis ba zai iya ci ba. Goggo da bayan hannu take gwada nata, ni da ma'aunin zafi biyu, kuma duk da haka ita ta fi ni dacewa.

Da na buɗe famfon kular, ruwan da ya fito kauri gare shi kamar Maltina da aka bari a rana. Na tafasa shi awa 2 cur a bayan gida, ina tsaye cikin yayyafi da ludayi, don ya ƙafe ya ƙara duhu. Hof na East Kent Goldings na sa, mai yawa, har da na ɗanɗana sai da na yamutsa fuska. Da gangan ne: ɗacin hof yana raguwa da shekaru, in ba ka cika shi tun farko ba sai ka wayi gari da ruwan sukari. Ma'aunin nauyin ruwa, wata 'yar gorar gilashi ce da ke yawo a saman ruwa, ya nuna 1.098. Ruwa zalla 1.000 ne, duk abin da ya hau sukari ne.

Fakiti 3 na busasshen yis na zuba, saboda sukari mai yawa haka yana gajiyar da shi. Na kai bokitin ƙarƙashin matakala, inda zafi ke tsayawa wajen digiri 18, na tafi aikin dare. Da asuba na dawo na tarar da uwargida tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu, ba ta ce komai ba, nuni kawai ta yi. Kumfa ta toshe ɗan bututun numfashin da ke kan murfi, murfin ya yi tsalle, abin ya bi bango har ya sauka a kan takalman makarantar yara. Wari kamar gidan Goggo ranar kasuwa. Tun ranar aka kafa mini doka: bokiti sai a cikin baho, murfi sai da tiyo da ke zuba a wata roba. Ban yi musu ba.

Bayan mako 4 ma'auni ya tsaya a 1.022, ya ƙi motsi kwana 3 a jere. In ka cire wannan daga na farko ka ninka da 131, ka samu ƙarfin giyar, kusan kashi 10 cikin 100. Na ɗanɗana: zafi kamar kananzir, ɗaci kamar maɗaci. A makon ne na kira Goggo.

Yanzu sai batun itace, wanda dominsa na fara duk wannan.

Kalmar oak, itacen da ake yin gangar giya da shi, a Littafi Mai Tsarki na fara cin karo da ita ina yaro, wurin da kan Absalom ya sarƙe a reshe alfadarinsa ya wuce ya bar shi. Ban taɓa ganin itacen da idona ba sai a Ingila. Ganga ta gaske ta fi ƙarfina: wadda Amurkawa ke ajiye wuskinsu na bourbon lita 200 take ci, kuma da yake dokarsu ta ce sai sabuwar ganga ƙonanniyar ciki, tsofaffin suna ta yawo a duniya wajen masu wuski da masu giya. Ina zan kai lita 200 a gidan haya? Ƙananan gangunan ado kuwa, katakon ya yi wa ruwan yawa, cikin 'yan makonni sun cika shi da ɗanɗanon itace, ga yoyo. Don haka mu 'yan gida dabararmu ita ce, maimakon a sa giya a cikin itace, sai a sa itace a cikin giya.

Iri biyu ake sayarwa. Akwai sassaƙe, siraran ɓarɓashi kamar abin da ke zuba a gindin masassaƙin turmi. Akwai kuma 'yan dunƙulaye, girman Maggi. Duka an gasa su, kuma gashin ne ke fito da ƙamshin. Zafi na farfasa sinadarin da ke riƙe jijiyar itace ya koma ƙamshin fanila irin na kek, wani sashen ya koma ɗanɗanon ƙonannen sukari, can ƙasa kuma akwai ɗan kanumfari da hayaƙi. Na Amurka ya fi ƙamshin kwakwa da fanila, na Faransa ya fi bauri da yaji-yaji. Bambancin sassaƙe da dunƙule kamar na garin citta ne da gutsurenta a shayi. Gari nan take yake sakin duk abin da ke cikinsa, gutsure kuwa a hankali. Sassaƙe mako 1 zuwa 2 ya gama aikinsa. Dunƙule sai ya yi watanni yana saki, kuma da yake wajensa ya fi cikinsa gasuwa, ɗanɗanonsa hawa-hawa ne.

Na raba giyar a tulun gilashi 4 masu kunne, kowane lita 4.5, na cika su har wuya don kada iska ta samu wurin zama. Da tiyo na zuƙo, kamar masu cire fetur daga tanki, sai dai ba da baki ba. Aikin asibiti ya koya mini abin da ke cikin bakin ɗan Adam. A Janairu 2022 na sa itace. Tulu na farko ban sa masa komai ba, ba don wayo ba, don kawai dunƙulayen da na yi oda ba su isa ba. Na uku na sa masa giram 10 na dunƙulen Faransa da na turara minti 15. Na huɗu giram 10 na dunƙulen Amurka da ya yi mako 2 jiƙe a barasar rake. Na biyu kuwa, na ɗauki fakitin sassaƙen Amurka, na duba giram 10 a tafin hannuna, na ga ai wannan ko miya ba zai ji ba. Na juye giram 40. Na ce bayan kwana 10 zan tace.

Sai aiki ya rincaɓe. Lokacin sanyi ne, asibiti cike, abokan aiki suna ta kwanciya rashin lafiya, ina dare ina rana. Ban sake leƙa ƙarƙashin matakala ba sai bayan mako 6.

Launin ya yi kyau, ja mai duhu kamar zoɓo da ya ji wuta. Ƙamshin ma daga nesa ba laifi. Na kurɓa. Kun san ɗanyen goro, farin nan da bai kwana ba, yadda yake ɗaure harshe ya busar da dasashi? Ku haɗa shi da tauna fensir. Yawu ya ƙafe mini ƙaf, harshena ya zama kamar an goge shi da soso. Dabino babu, zuma babu, sai katako. Garin neman gira na rasa ido.

Na ɗiba a kofi na tsallaka wajen Baba. Ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar a tukunyar furensa, ya yi dariya har da tari. Ya ce mahaifinsa da ya ga wannan da ya kore ni daga shago. Sai ya gaya mini abin da ya rushe mini duk tunanina: masu giyar Ingila na da ba ɗanɗanon itace suke nema ba, gudunsa suke yi. Katakon da suka fi so daga gabar tekun Baltik ake kawo shi, ta tashar Memel, wadda yau ake kira Klaipeda a Lituweniya, kuma dalilin son shi ne ba ya sa wa giya ɗanɗano. Na Amurka ba sa son shi saboda ƙamshinsa ya cika kai. Sabuwar ganga sai an turara ta an jiƙa ta an wanke mata ƙarfi kafin giya ta shiga. Ganga mazubi ce kawai. Abin da tsohuwar ganga ke ba giya shi ne 'yar iskar da ke ratsa katako kaɗan-kaɗan, da wani yis na daji da ke zaune a cikin ramukan katakon. Wani masani a Carlsberg na Denmark, Niels Hjelte Claussen, shi ya ware wannan yis daga tsohuwar giyar Ingila, ya bayyana shi a 1904, ya raɗa masa Brettanomyces, wato naman gwarin Birtaniya. Wannan yayin na cika giya da fanila da kwakwa, in ji Baba, sabon abu ne da ya zo daga Amurka.

Baurin kuwa na gane shi da kaina daga baya. Sinadarin da ya ɗaure mini baki dangin wanda ke cikin bagaruwa ne, da majema ke jeme fata da ita a Kano. Turawa ma da ɓawon oak suke jima tun zamanin da. Ashe harshena na jeme.

Itace in ya shiga ba ya fita. Ba tacewa, ba dabara. Abu biyu ne kawai: a sirka, ko a jira. Baba ya ce sirki ba abin kunya ba ne, sana'a ce. A Bury St Edmunds kamfanin Greene King na ajiye wata mai ƙarfin kashi 12 da suke kira Old 5X a manyan randunan katako har shekara 2, sannan su sirka ta da sabuwa. A Roeselare ta Beljiyam ma haka Rodenbach ke yi da ɗaruruwan randunansu. Na zuƙe tulu na biyu daga kan sassaƙen a ranar. Na uku da na huɗu kuwa, tsoro ya sa duk mako 2 sai na ɗiba da sirinji na ɗanɗana, na rubuta a jikin takardar da na manna a tulun. A Afrilu na ji itacen ya fara leƙowa ta bayan zaƙin, na raba su da shi. Ƙa'idar da na riƙe tun daga nan ita ce, ranar da ka fara tambayar kanka ko ya isa, to ya isa.

A Yuni na ɗura a kwalba. Giyar da ta yi wata 7 yis ɗinta ya gaji, in ka sa sukari kaɗai ba za ta yi gas ba, don haka na ƙara ɗan sabon yis da sukari giram 4 a kowace lita. Kada a wuce haka da yawa, kwalba na fashewa. Kwalabe masu ruwan ƙasa na yi amfani da su, domin haske na ɓata hof ya ba da wari. Daga tulu na farko na ware kwalba 3 zalla, saura na sirka da na biyu aka samu 22. Na uku 12, na huɗu 12. Duka 49, kowace da lamba a murfi.

Wata guda bayan haka aka yi zafin da Ingila ba ta taɓa gani ba, ranar 19 ga Yuli ma'auni ya haura digiri 40 a Coningsby. Turawa na ta neman fanka, ni ɗan Najeriya ina durƙushe ƙarƙashin matakala ina lulluɓe akwatuna da jiƙaƙƙen tawul. Ba wadda ta fashe.

Jira ba shi da labari. Kirsimetin 2022 na buɗe ɗaya-ɗaya. Zafin kananzir ya kwanta. Ta huɗu, mai barasar rake, ita abokaina suka fi so, kwakwa da alewa, ni kuwa bayan kurɓa uku ta gundure ni, kamar shayin da aka cika wa madara. Sirkin har lokacin yana kama harshe. Na mayar da akwatunan na tura can ciki, bayan injin shara.

A farkon Disamba 2023 na roƙi uwargida, wadda ko ɗigo ba ta sha, ta zuba mana iri huɗun a kofuna ta sa lamba a ƙasa, ni da Baba mu ɗanɗana ba tare da mun san wace ce wace ba. Mai kwakwa ba ta ɓuya. Sirkin ma mun gane shi, amma ya yi laushi ƙwarai, baurin ya koma kamar na shayi mai kauri, har Baba ya ce yanzu zai iya ba baƙo ba tare da ya nemi gafara ba. Saura biyu. Ɗaya na ɗaga na ce wannan ita ce ta Faransa, na rantse. Ga dabino, ga busasshen inabi, ga fatar nan da na ji a kwalbar Baba shekara 3 baya, har ina bayanin yadda itacen ya zauna daidai. Uwargida ta ɗaga kofin ta nuna mini ƙasansa. Tulu na farko ne. Wanda ko tsinke bai taɓa shiga ba.

Ta Faransa ta fi ta, amma da kaɗan: ɗan kanumfari a ƙarshe, da wata 'yar bushewa da ke hana zaƙin ya yi nauyi. Wannan shi ne duk abin da itacen ya ƙara. Sauran, wanda na yi shekara 3 ina jingina wa katako, aikin hatsi ne da doguwar tafasa da 'yar iskar da ta maƙale a wuyan kwalba tana juya ɗanɗanon wata bayan wata. Kuma kwalba 3 kacal na ajiye daga cikinta, sauran na zuba su a kan kuskurena. Baba bai ce ai na gaya maka ba. Kofin kawai ya jawo gabansa.

Mako 2 bayan haka muka tafi gida hutu. Na naɗe kwalba 2 na ta Faransa a cikin safa, na cusa a tsakiyar akwati. Daga Abuja zuwa Jos, daga Jos zuwa ƙauye, duk ramin da mota ta faɗa sai gabana ya faɗi.

Goggo na zaune a kan tabarma a gindin mangwaro, ƙafafu miƙe. Bayan gaisuwa da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, na fito da kwalbar. Na miƙa mata kofin gilashi, ta ture, ta sa jikarta ta kawo ƙwarya. Na zuba. Ta daɗe tana kallo.

"Ba ta motsi," ta ce. "Ka tabbata ba ta mutu ba?"

"Barci take yi, Goggo."

Ta ɗan ɗiga a ƙasa kamar yadda ta saba, ta shinshina, ta kurɓa kaɗan ta riƙe a baki. Idonta ya kawo ruwa. Ta haɗiye, ta dafa ƙirji.

"Ka sa dabino?"

"A'a."

"Zuma?"

"Ko ɗigo."

Ta sake kurɓa, wannan karon tana taɓe baki tana lasar dasashi. "To wane sassaƙe ka sa? Akwai itace a nan, can bayan harshe."

Na yi mata bayanin oak, da gashi, da giram 10. Ta ce ita ba ta san giram ba, amma da na rage rabi da ya fi. Wannan fa ita ce wadda nake alfahari da ita. Ban gaya mata labarin giram 40 ba.

Ta ce abin nan ba giya ba ne, tsimi ne, irin wanda ake ba mai sanyin ƙashi, kuma duk wanda ya sha ƙwarya guda ba zai gane hanyar gidansu ba. Na ce ai shi ya sa ake shan ta a ɗan kofi. Daga nan hira ta koma kan tukwane. Ta ce ita ba ta taɓa yarda da sabuwar tukunya ba, sai ta shafe cikinta da gindin tsohuwar giya ta bar ta ta kwana, kuma akwai wata randa da ta gada wajen uwarta da ko ba a zuba ragowa ba giya na tashi a cikinta. Na ba ta labarin Baturen Denmark da ya gano yis a tsohuwar giyar Ingila. Ta ce, "Sai da ya sa madubi kafin ya gani?"

Ba ta shanye ba. Ta miƙa wa wasu tsofaffi biyu da suka shigo gaisuwa, suka kurɓa suna kallon juna. Kwalba ta biyu kuwa ta karɓa ta juya ta, ta sa aka karanta mata shekarar da ke jikin murfi, sannan ta aiki jikarta ta tona jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randar ruwa ta binne ta a tsaye, wuya kaɗai a waje. Na duba ɗakin, babu inda ya fi nan sanyi da duhu a duk gidan.

Yanzu kwalba 14 suka rage mini, ɗaya tak daga cikinsu zalla ce, kuma na rubuta 2031 a jikinta. Wadda na dafa bara lita 20 ce ita ma, tulu 3 ba itace, ɗaya da giram 5. Goggo kuwa duk sanda na kira, bayan ta tambayi yara da uwarsu da sanyi, sai ta ce, "Kwalbarka tana nan, ba ta fashe ba." Ta ce sai ranar auren jikar nan tata za a tono ta. Yarinyar tana aji 2 a sakandare.